Ɗan Wasan da Na Samo wa Hausari

Ba zan taɓa mantawa da ranar da unguwarmu Hausari ta kara da unguwar Yerimaram a wasan ƙwallo a kan rago ba. Na yi iya ƙoƙarina in manta, mutanen Potiskum ne suka ƙi ba ni dama.

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ne. Ina saurayi, ina ɗinki a wata 'yar rumfa kusa da tashar mota, da keken hannu da kawuna ya bar mini. Garin bai kai rabin yadda yake yanzu ba. Idan babbar mota ta shigo daga Jos ko Kano za ta wuce Maiduguri, kowa ya san direbanta, ya san abin da ta ɗauko. Ƙwallonmu kuwa guda ɗaya ce a unguwa, ta fata mai igiya a baki. In ka sa mata kai ta wajen igiyar, sai ka kwana biyu kana tuna ta. Baduku ya ɗinke ta har ya gaji. Ƙafa ba takalmi ake wasa, raga kuma babu, sanduna biyu ne da igiya a sama. Rigunan 'yan wasanmu na akoko ne, ni na ɗinka su da hannuna, aka kai marina aka rina su shuɗi.

Ni ba na buga ƙwallo (wannan ku riƙe shi da kyau). Abin da nake bugawa shi ne musu. Kullum bayan la'asar rumfata ce majalisar masu son Hausari. Wasu su zauna a benci, wasu a kan kekunansu, a tsefe wasan da aka yi tun daga busa ta farko har ta ƙarshe. A faɗi wanda ya kamata a sa, da wanda ya kamata a ajiye, da kurakuran kyaftin. Kyaftin ɗinmu Bukar ne, mai gyaran keke, mutum mara yawan magana. Shi ke zaɓen 'yan wasa, shi ke horar da su, shi ke hura ƙwallo, mu kuma mu ke gaya wa gari cewa bai iya ba.

Abin da nake taƙama da shi a majalisa lissafi ne. Na yi elemantare, na iya rabawa, yawancinsu kuwa ba su iya ba. Hujjata kullum ɗaya ce: darajar ɗan wasa ita ce ƙwallayen da ya ci. A ƙirga wasannin da ya buga, a ƙirga abin da ya ci, a raba, abin da ya fito shi ne mutumin. Duk wanda ya kawo wata magana sai in tambaye shi, "Nawa ya ci?" Sai ya yi shiru.

Mutum ɗaya ne ba ya yin shiru, Gimba mahauci. Bakarkare ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, Hausarsa ba ta damu da raba mace da namiji ba, amma ba a kayar da shi a magana.

"Kai tela," in ji shi, "tsiren da ka ci jiya, mai gashi kaɗai ya yi shi? Wa ya zaɓo san? Wa ya feɗe? Haruna yana ci, gaskiya. To wa ke ba shi ƙwallon a ƙafa?"

"Baba Gimba, ba a rubuta wanda ya bayar. Wanda ya ci ake faɗa."

"Don ba a faɗa ba sai ya zama bai yi ba?"

Wanda muke wannan musun a kansa shi ne Ya Maina. Yana wasa a gaba, bayan Haruna mai ci mana ƙwallo kaɗan. Shekaru sun fara hawa masa, gudunsa ya ragu, kuma a duk ranin nan ƙwallo ɗaya ya ci, ita ma a gwiwarsa ta bugu ta shiga. A lissafina shi ne ƙarshen kowa. Matsalar ita ce Ya Maina wan Falmata ne, yarinyar da nake nema. Iyayensu daga Borno suka zo, mahaifinsu ya rasu, maganar aurenta a hannun Ya Maina take. Mai hankali da ya kama bakinsa. Ni kuwa sai in daki keken ɗinki in ce lissafi ba ruwansa da surukuta, in ji ni wani babban mai gaskiya.

Ana haka, bayan an gama cinikin gyaɗa, wani attajiri ya sa rago tsakanin Hausari da Yerimaram, wanda ya ci ya ɗauka. Ragon bai dame mu ba kamar gorin. Shekara biyu ke nan 'yan Yerimaram suna mana dariya a kasuwa.

A makon ne Allah ya haɗa ni da Malam Isa. Sabon akawu ne da aka turo kantin sayen gyaɗa daga Jos, dogo, mai kunya, in yana magana kamar yana ba da haƙuri. Ya kawo yadin kaki in ɗinka masa wando. Tun wajen awo na lura da ƙwaurinsa, na ce a raina wannan ƙafar ba ta zaman ofis ba ce. Da na kai masa ɗinkin ɗakinsa, sai na ga abin da ban taɓa gani kusa da kusa ba, takalman ƙwallo na gaske, baƙaƙe, masu ƙusoshi, a rataye a bango.

"Malam Isa, waɗannan fa?"

"'Yan kulob ɗinmu na Jos suka ba ni da zan taho."

"Kuna cin wasa kuwa?"

"Alhamdu lillahi. Bara ba wanda ya ci mu. Akwai ranar da muka zuba wa 'yan haƙar kuza shida."

"Kana filin ranar?"

"Ban taɓa fashi ba. Tun daga farko har ƙarshe ina gefe ina ta gudu."

Ɗan gefe ke nan. Ban ƙara tambayar komai ba, don na riga na ji abin da nake so in ji. Na ce masa muna da babban wasa, ko zai taimaka mana? Ya ce me zai hana, irin aikin da yake yi a Jos ne? Na ce shi fa.

Tsakanin ɗakinsa da rumfata ba nisa, amma kafin in isa, uku daga cikin ƙwallayen nan shida sun zama nasa. Kashegari suka zama biyar. (Ta shidan ma na ce shi ya bayar, ni da nake cewa ba a rubuta wanda ya bayar.) Na yi wa majalisa lissafi: kulob ɗin da bai faɗi ba shekara guda, da ɗan wasan da bai taɓa fashi ba, ku raba da kanku ku gani. Labari ya cika Hausari. Masu sayar da goro suna yi, 'yan kamasho a tasha suna yi. In Malam Isa ya wuce kan kekensa sai a bi shi da kallo, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka mutanen Potiskum ne masu son baƙo.

Ana saura 'yan kwanaki muka ɗunguma zuwa gindin bishiyar da Bukar ke gyaran keke. 'Yan wasa na nan, Ya Maina na zaune a kan dutse yana ɗaure igiyar ƙwallo. Na zayyana wa Bukar komai. Ya saurara yana liƙe tayar wani.

"Ka ga ya buga?" ya tambaye ni.

"Ba sai na gani ba. Lissafi ya nuna."

"A kawo shi fili gobe mu gwada shi."

"Don 'yan Yerimaram su gani su shirya masa? Kyaftin, irin wannan ne ya sa ake cin mu."

Jama'a suka goya mini baya. Gimba kaɗai ya ce shi ba ya sayen sa a cikin ɗaki sai an fito da shi rana. Ba wanda ya kula shi. Bukar ya ajiye tayar, ya goge hannu a wandonsa, ya dube ni.

"To, tela. Shekara nawa kana koya mini aikina. Mutum goma sha ɗaya ne, ba a ƙari. Faɗi wanda zai fita."

Idanu duka suka dawo kaina. Na riga na yi nisa. Na ce, "Ya Maina."

Ya Maina bai ɗago ba sai da ya gama ƙulla igiyar. Sannan ya ce, "Ba komai. In dai Hausari za ta ci." Da yamma ya aiko mini da rigarsa a wanke, a ninke. Falmata kuwa, da na je zance, ƙanwarta ta fito ta ce tana aiki.

Ranar wasa gari ya tashi kaf. Filin bayan makaranta ya cika, yara a kan bishiyoyi, 'yan mata da farantan talla a gefe guda, Falmata a cikinsu da dafaffiyar gyaɗa. An ajiye wa Baturen Di'o kujera a inuwa, yana zaune da lofen taba a baki. Ragon na ɗaure a jikin bishiyar maina yana ta cin harawa, ba ruwansa. Rafali wani malamin elemantare ne mai gajeren wando da usur a wuya. Ni kuwa na sa rigar Sallah, na kuma lallashi makaɗin kalangun mahauta ya zo ya tari baƙonmu.

Malam Isa ya iso sanye da takalman, a hannunsa wani jan ƙyalle ɗaure a sanda.

"Wannan na mene ne?"

"Tutata ce."

Na ɗauka al'adar 'yan Jos ce. Na karɓe ta na miƙa wa wani, na zura wa Malam Isa shuɗiyar rigar Ya Maina. Ya dubi rigar, ya dube ni, fuskarsa ta canza.

"Malam tela, ni fa tuta nake ɗagawa."

Wallahi na ji shi, ba zan ce kiɗa ne ya hana ni ji ba. Juyawa na yi na ce wa jama'a, "Kun ji tawali'u? Haka manyan 'yan wasa suke." Kalangu ya ɗauka, aka tura shi cikin fili. Mutum ne da ba zai iya ƙaryata wani a gaban taro ba, sai ya tafi.

Aka busa. Malam Isa ya nufi layin gefe ya kama gudu. Gudu kam ya iya. Ƙwallo ta yi gabas ya yi gabas, ta yi yamma ya yi yamma, kullum yana daidai da ita, amma bai taɓa matsowa ciki ba ko taku ɗaya. In ta fita waje sai ka ga ya ƙame ya ɗaga hannu sama. Mutane suka fara waiwayo ni.

"Dabara ce," na ce musu. "Yana janye 'yan bayansu ne. Ku jira."

Muka jira. Can Bukar ya samu ƙwallo ya turo masa ita a hankali, har gabansa, ba kowa kusa da shi. Malam Isa ya ja da baya cikin ladabi ya ba ta hanya ta wuce, ya tabbatar ta haye layi, sannan ya ɗaga hannu ya nuna jifan Yerimaram ne. (Gaskiya ya faɗa, nasu ne.) Gimba da ke kusa da ni ya ce, "Wannan dabara tana da zurfi." Na mayar da idona kan fili.

Kafin a tafi hutu Yerimaram sun ci ɗaya. Bukar ya yi wa baƙon tsawa cewa ya buga ko me zai faru. Da ƙwallo ta sake zuwa, bawan Allah ya kai mata duka da iya ƙarfinsa, ya kuskure, ƙusoshin suka kafe a ƙasa, ya faɗi a kan ƙafarsa. Aka ɗauko shi a hannu.

A lokacin hutun, yana zaune a ƙasa ana ja masa ƙafa, jama'a sun kewaye, ya faɗi komai a hankali. Bai taɓa buga wasa ba a rayuwarsa. Shi ne mai ɗaga wa kulob ɗinsu tuta a gefen fili, takalman kuwa kyautar sallama ce. Ya ce ya gaya wa malam tela. Har haƙuri ya ba mu.

A zamanin ba a canjin ɗan wasa, in naka ya ji ciwo haka za ku ƙarasa. Duk da haka Bukar ya je ya roƙi kyaftin ɗin Yerimaram ya yarda Ya Maina ya shiga. Mutumin ya yi dariya, ya ce Maina kam a'a, ba su haukace ba. Sai ya leƙo ta bayan Bukar ya hango ni ina ƙoƙarin sulalewa bayan masu rake.

"Amma in tela yana so ya shigo, mun yarda."

Rafali ya dubi Di'o, Di'o ya cire lofe ya gyaɗa kai. Bukar ya zo ya tsaya a gabana riƙe da rigar, jiƙe da zufar Malam Isa.

"Kyaftin, ni fa ba na..."

"Har da takalman," in ji shi. "Ai su ka gani."

Sun yi mini yawa ƙwarai, ƙafata tana yawo a ciki kamar muciya a tukunya. Aka naɗe mini wandon Sallah zuwa gwiwa, aka tura ni.

Abin da ban sani ba sai ranar, fili yana da faɗi. Daga benci ɗan ƙarami ne, kana ganin inda kowa ya kamata ya tsaya. Daga ciki kuwa ba ka ganin komai sai ƙafafu da ƙura, numfashinka yana neman tsayawa. Na yi gudu kaɗan, haƙarƙarina ya kama ciwo, na je kusa da golan Yerimaram na dafa gwiwa ina hutawa. Ba wanda ya tsare ni, ba su ga dalili ba. Muna haka Haruna ya rama mana, aka koma ɗaya da ɗaya, Hausari ta farfaɗo.

Saura kaɗan a tashi, Haruna ya sake kai hari. Gola ya fito ya tare, su biyun suka zube, ƙwallo ta gangaro a hankali ta tsaya a gabana. Ni kaɗai, ga sanduna biyu, ba kowa a tsakaninsu. Na ji Hausari duka ta ja numfashi. A cikin wannan ɗan lokacin na ga rago, na ga Ya Maina yana yafe mini, na ga ɗaurin aurena. Na runtse ido na yi bismillah na kai duka.

Na ji wani abu ya bar ƙafata da ƙarfi, fili ya ɗauki ihu irin wanda ban taɓa ji ba.

Ban tsaya dubawa ba. Na ɗaga hannuwa sama na zuba da gudu. Na bi gefen fili inda mutanenmu suke ina dukan ƙirji, ina ganinsu suna riƙe ciki, wasu sun durƙusa, na ce daɗi ne ya yi musu yawa. Na tsaya gaban Di'o na yi masa jinjina, shi kuma fuskarsa ta yi ja wur, lofen ya faɗi a cinyarsa. Mai kalangu, Allah ya gafarta masa, ya biyo ni a baya yana kiɗa. Na wuce gaban 'yan mata na sassauta gudu don Falmata ta gan ni da kyau. Ta rufe fuska da mayafi, na ce kunya ce.

Gimba ne ya kamo rigata ta baya.

"Tela. Dubi ƙafarka."

Na duba. Ta dama ba takalmi. Na waiwaya, ga golan Yerimaram ya tsinto shi daga bayan sanduna yana ɗaga wa jama'a, ta tsakiya ya shige, ba kuskure. Ƙwallon kuwa ko taɓa ta ban yi ba. Wani ɗan bayansu ya ɗauke ta tun ina fara murna, rabin 'yan wasanmu sun tsaya kallona, suka wuce da ita salin alin. Ina tsaye da ƙafa ɗaya a takalmi, hannuna ɗaya bai gama sauka ba, na ga ta shiga gidanmu. Rafali ya busa tashi.

Ta gaban rumfata 'yan Yerimaram suka bi da ragon, ko da yake ba hanyarsu ba ce. Kashegari na tuna ina da goggo a ƙauyen Ngojin da na daɗe ban gaisar ba. Na zauna wurinta har ta fara tambaya ko wani laifi na yi a gari.

Da na dawo na buɗe rumfa, mutum na farko da ya shigo Ya Maina ne, da yadi a hannu. Na rasa inda zan sa kaina. Na fara kame-kamen ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Riga nake so. Ka auna ni da kyau, kar ka tambayi wani a Jos tsawona."

Iyakar abin da ya taɓa ce mini a kan maganar ke nan har ya bar duniya. Falmata ta ɗan fi shi. Ranar da ta yarda ta fito zance, ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta, sannan ta ce, "Ashe kana da gudu haka." Bayan damina aka ɗaura mana aure. A wajen ɗaurin auren wani daga Yerimaram ya tambaya da ƙarfi ko an duba takalman ango a bakin zaure, liman ma sai da ya sunkuyar da kai.

Malam Isa ya warke, aka mayar masa da tutarsa, ya yi shekaru yana ɗaga ta a filin nan, kuma ba a taɓa samun wanda ya yi musu da hukuncinsa ba. Ya zama aminina. Majalisa ta ci gaba, Bukar ya ci gaba da zaɓen 'yan wasansa, muka ci gaba da cewa bai iya ba, sai dai ni na rage murya. Yanzu duk sun tafi, Bukar da Gimba da Ya Maina da mai kalangun. Filin ma an yi shaguna a kansa. Wani lokaci in na wuce a Keke mai ƙafa uku sai in gane daidai inda sandunan suke, in ji ina dariya ni kaɗai, mai Keken yana leƙena ta madubi. Da za a dawo mini da yammacin nan guda, da mutanen nan duka a gefen fili suna riƙe ciki, da na yarda in sake yin gudun.

Kada ku ɗauka na daina musu. Jikokina suna kallon wasannin Turai a waya, ina zama a bayansu ina gaya musu wanda ya kamata a sayar da wanda ya kamata a ajiye a benci. Abin da na koya bai wuce biyu ba. Na farko, mutum ya yi musunsa a kan 'yan wasan da ke wata ƙasa mai nisa, inda ba mai iya miƙo masa riga. Na biyu, in ka ji jama'a sun ɗauki ihu a kanka, kafin ka ɗaga hannu ka fara duba ƙafarka.